Yadda Na Yi wa Ciyawar Iya Magani

Lokacin da na sauka Tudun Wada ba wani gari ba ne. Gidaje ne jefi-jefi, yawancinsu na kara. In ka tsaya ƙofar gidana kana hango ganuwar birnin Zariya ta nan, ta can kuma kana jin kukan jirgin ƙasa, wanda bai daɗe da zuwa ba, har tsofaffi kan yi salati in ya yi. Kowa ka gani a wurin baƙo ne. Ni daga ƙauye na zo, da mai ɗakina, da fartanya biyu, da akuya guda, da kuma girman kai irin na manomi ɗan manomi, wanda ya fi sauran kayan nauyi.

Maƙwabcina na jikin danga wani dattijo ne mutumin Lakwaja, Kirista, yana aikin ba da magani a asibitin Turawa. Malam muke ce masa, don ba mu san wani abin da ake ce wa mai karatu ba. Mutum ne marar yawan magana. In ka gaishe shi sau uku ya amsa biyu, ta ukun ya gyaɗa kai. Matarsa kuwa, wadda duk unguwa ke ce wa Iya, ita ke yin maganar gidan duka, tata da tasa. Ta ja mai ɗakina a jiki tun ranar da muka zo, kusan kullum suna tare a tsakar gidanta, ana tsince shinkafa ana hira.

A tsakar gidan nan akwai wata ƙatuwar ceɗiya. Mu dai abin da muka sani, gindin itace wurin shara ne. A share shi tas, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarma. Ciyawa a cikin gida ai ƙazanta ce, ga ta maɓoyar maciji. Amma Iya sai ta shuka ciyawa da gangan a gindin ceɗiyar nan, ta bar ta ta yaɗu ta rufe ƙasa, faɗinta ya kai ɗaki guda. Ta ce daga gidan uwarta ta zo da ita a cikin gwangwani, a kwalekwale, sannan a jirgin ƙasa, tana raba ruwan shanta da ita a hanya. Ta faɗi sunanta da yarensu, harshena ya kasa ɗauka, saboda haka muka riƙa cewa ciyawar Iya.

Ni tun ganin farko na gane danginta. 'Yar'uwar balasa ce. Wanda bai taɓa noma ba, balasa wata ciyawa ce mai gaɓa-gaɓa, mai yaɗo, wadda in ka nome ta ka jefar ka juya baya, sai ta kafa saiwa a inda ta faɗi ta ci gaba da harkarta. Bambancin kawai, ta Iya ganyenta na da ratsin fari a jikin koren, wani tsiri-tsiri, wani rabin ganyen sukutum. Ban ce komai ba. Gidan mutum ne, kuma Iya kan aiko mana da wani irin ƙosai da ba na son a daina.

Da bazara Iya ta kwanta, kwana shida Allah ya yi mata rasuwa. Muka yi wa Malam ta'aziyya irin tamu, ya karɓa irin tasa. Gidan ya yi tsit.

Da ruwa ya sauka, Malam ya sami hutu mai tsawo zai kai 'yarsa Lakwaja, inda dangin uwarta suka shirya mata aure. Ita ke nan gare su. A daidai lokacin mai ɗakina ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, sai ni kaɗai da akuya. Ran da zai tafi Malam ya kira ni, ya ba ni makullin zaure, ya ja ni har gindin ceɗiya. Ya daɗe yana kallon ciyawar kafin ya yi magana.

"Maƙwabci, yarinyar nan in na kai ta, can zan baro ta. In na dawo, wannan ce kaɗai za ta tarye ni a gidan nan. Ka duba mini ita."

Na ce masa ya tafi da kwanciyar rai, ya damƙa ta a hannun da ya dace. Na ƙara da cewa kakana an taɓa yi masa kirari a gona, wanda gaskiya ne, ko da yake ban faɗa masa abin da kirarin ya ce ba.

Kashegari na shiga gidan da niyyar yin aiki na ilmi. Na tsuguna na dubi ciyawar nan ganye-ganye, kamar yadda na ga Malam na duba idon marar lafiya. Nan take na gano ciwonta. Duk manomi ya san in ganye ya fara ratsin fari, cuta ce. Gyaɗa in ta yi haka, mun ce ta kuturce. Rogo in ya yi haka, ba ka sa rai da shi. Maganin guda ne tun kaka da kakanni, ka tumɓuke mai cutar ka fid da ita daga gona tun ba ta shafa wa sauran ba. Abin da ya ƙara tabbatar mini, ta wajen kusurwar yamma na ga wasu rassa kore shar, babu ɗigon fari ko ɗaya, ganyensu ya fi faɗi, jikinsu ya fi kauri, suna hawa kan sauran suna wucewa. Na ce alhamdu lillahi, ashe akwai masu sauran lafiya.

Har tausayin Malam na ji. Mutum yana warkar da jama'ar gari, ga cuta ta cinye masa tsakar gida shekara da shekaru bai gani ba. Na ce haka karatun boko yake, yana buɗe ido ɗaya ya rufe ɗaya. A lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Ɗan abin da nake rubutu da shi yanzu sai da gemuna ya yi fari na tsinta a ajin manya, shi ma ban ƙarasa ba, malamin ya gaji kafin ni.

To, na dage da jinya. Kowace safiya kafin in tafi gona sai na shiga na tumɓuke masu ratsi cike da kwando. Ban yi gaggawa ba, don kada ƙasa ta yi tsirara lokaci ɗaya. Inda na cire, sai in janyo koren in kwantar da shi a gurbin. Na ɗebo kashin akuya na zuba masa, na bi da toka. Abin da na cire, akuyata ta ci rabonta, saura na riƙa watsawa a juji bayan katangar Malam, inda ruwan indararo ke zuba. Ruwan sama kuwa ya ba ni haɗin kai. Kafin wata biyu gindin ceɗiyar nan ya zama kore shar tun daga wannan gefe har wancan, ya yi tsawo ya kai idon sawu. Babu fari ko na rantsuwa. Nakan tsaya in riƙe ƙugu in kalle shi. Har na fara shirya irin fuskar da zan yi in Malam yana gode mini, fuskar mutumin da ba ya son yabo.

Mai ɗakina ta gama wankan jego ta dawo da ɗanmu a baya. Ko ruwa ban bari ta gama sha ba, na ce ta zo ta ga abin da mijinta ya yi ba ta nan. Na buɗe zauren Malam, na wuce gaba, na nuna mata da hannu biyu.

Ta tsaya. Ta dubi gindin ceɗiya, ta dubi bayan ɗaki, ta leƙa wajen randa, kamar mai neman kaza.

"Maigida, ina ciyawar Iya?"

Na ce ga ta nan gabanta, ta warke.

"Ta warke daga me?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, da misalin gyaɗa da na rogo, don mace ce, ban so in yi mata nisa. Ta saurara har na gama. Sannan ta kwance goyo, ta zauna a kan turmin Iya da ke kife, ta sa wa yaro nono, ta ce in zauna ni ma, don abin da za ta faɗa ba na tsaye ba ne.

Ta ce farin nan shi ne ciyawar. Shi Iya ta ɗauko daga gidan uwarta, shi ta raba ruwan shanta da shi. Kowace Asabar, suna hira, Iya kan bi ciyawar nan da farce tana tsinke duk reshen da ya fito kore zalla, tun daga inda ya tsiro, ta jefar. Takan ce koren nan mai haɗama ne, ya fi ƙarfi, in ka bar shi sai ya danne masu ratsin ya kashe su. Abin da na gani a kusurwar yamma ba lafiya ba ce, wata uku ne na rashin farcen Iya. Wato dai na kori masu gida ɗaya bayan ɗaya, na yi wa ɓarawo shimfiɗa, har na kawo masa taki.

Na tambaye ta ko koren kan komo da ratsi in an yi haƙuri. Ta ce Iya ta ce ba ya komowa. Na tambaya ko akwai wani mai irinta a Zariya. Ta ce ko a barikin Turawa Iya ta sa an duba mata, babu. Zan faɗi gaskiya, tunda na tsufa ba mai dukana, a lokacin nan har farar ƙasa ta zo mini a rai, da ɗan tsinke na shafawa. Da na lissafa yawan ganyen, na tuna kuma damina ce, sai na bar shawarar.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar Malam, cewa ita kaɗai za ta tarye shi. Mutumin da ba ya haɗa kalma goma a yini ya buɗe baki ya roƙe ni abu ɗaya. Saura wata biyu ya dawo.

Mai ɗakina ce ta tambayi inda na kai waɗanda na cire. Na ce akuya da juji. Ina faɗin juji sai na miƙe tsaye. In dai 'yar'uwar balasa ce ta gaskiya, to ba ta san mutuwa don an jefar da ita ba. Shekara nawa ina zagin wannan hali a gona, ran nan shi na riƙa roƙon Allah ya sa ta gada.

Na zaga bayan katanga. Jujin ya yi tsiri, toka da ɓawon gyaɗa da shara ta unguwa duka, ga tafasa da zaƙi-banza sun rufe shi. Ban sa fartanya ba, don kada in sare abin da nake nema. Da hannu na riƙa tonawa, a durƙushe, mutane na wucewa suna mini sannu da wata irin murya. Wani mahauci da muke raha da shi ya tsaya ya tambaya ko abin ya kai ga haka, ya ce in yunwa ce in zo ya ba ni ƙashi. Na ce masa magani nake nema, ya ce ya ga alama.

Yawancinsu sun ruɓe sun zama ƙasa. Amma can jikin katanga, inda inuwa take, ruwan indararo na tartsatsi, na ga wani ɗan ganye kamar kunnen ɓera, da ratsin fari a tsakiyarsa. Na bi shi a hankali da yatsa har na sami gaɓar, ta kafa 'yan saiwoyi farare a cikin toka. Kafin la'asar na sami guda biyar. Na kawo su a cikin hulata.

Daga ran nan aka yi juyin sarauta a gidana. Mai ɗakina ta zama sarkin noma, ni na zama mai ɗaukar kwando. Ta sa na samo kasko mai huda a gindi, na cika shi da ƙasar gindin ceɗiya da ɗan yashi, ba taki ko kaɗan. Ta ce Iya ba ta ba ta abinci mai yawa, ruɓaɓɓen ganyen ceɗiya ya ishe ta. Muka dasa su muka ajiye kusa da randa, inda rana ba ta kaiwa sai da hantsi. Cikin biyar ɗin akwai ɗaya fari fat, babu kore ko kaɗan. Na ce wannan shi ne babbansu, tunda fari ake nema, na ba shi tsakiyar kasko. Ta ce ba zai yi ba, farin ba ya iya ci da kansa, sai da kore a jikinsa. Na ce dā an ce kore ne mugu, yanzu kuma an ce sai da shi, wace irin ciyawa ce wannan mai son a yi mata shari'a kullum? Kwana tara ya bushe. Ta dai tabbatar na gani.

Aikin da ya fi mini ciwo shi ne tumɓuke koren. Manomi ya sa hannu ya cire shuka mai lafiya, wadda ya yi wa taki da kansa, ya bar ƙasa tsirara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi kwana uku ina yi. Wannan karon rana na shanya shi a kan dutse har ya bushe, na ƙone. Duk da haka bayan kowane ruwa sai in ga ya leƙo daga wata gaɓa da ta ɓuya a ƙasa. Na kwashe kashin akuyar da na zuba. Na hau ceɗiya na rage rassa biyu ta gabas, don mai ɗakina ta ce Iya kan sa a yi haka duk shekara. Inuwa in ta yi duhu ratsin kan dushe, rana kuma in ta yi yawa farin kan ƙone, abin da take so shi ne hasken safe da inuwar azahar, kamar dai tsohon attajiri.

Huɗun nan suka kama. Da kowanne ya yi gaɓa biyar ko shida, muka mai da su gindin ceɗiya. A nan ne ilmina ya yi rana, don in an zo ga sa abu ya yaɗu, ba a koya mini. Na riƙa kwantar da reshe a ƙasa ina danne kowace gaɓa da ɗan tsinke mai baki biyu, yadda muke yi wa dankali. Kwana kaɗan gaɓar ta kafa saiwa, sai in yanke tsakani, ɗaya ya zama biyu. Mai ɗakina ce ke zaɓen reshen da za a kwantar, sai wanda ratsinsa ya fito sosai. Na kewaye wurin da ƙaya saboda kajin unguwa, waɗanda suka ga sabuwar ƙasa suka ɗauka don su aka yi. Gara ta taso ta gefe ɗaya, na bi ta da toka. Da ruwa ya fara ɗaukewa na koma ɗauko tulu biyu daga rijiya, safe da yamma, ina zubawa ta cikin tafin hannu don kada ƙasa ta zaizaye. Kowace Asabar mai ɗakina ta zo da goyonta ta bi su da farce, ni ina biye ina koyo. Da na ce ai ranar ba dole sai Asabar ba, ta ce ita haka ta gani, haka za a yi.

Ranar da aka fara yankan gero na auna wurin da ido. Abin da ya kai faɗin ɗaki, yanzu bai wuce buzun salla ba. Kyakkyawa ne, ratsin ya fito kamar an zana da alli, amma buzu ne, kewaye da ƙasa tsirara.

Sai na fara shirya magana. Na ce wa mai ɗakina zan gaya wa Malam akuya ce ta shiga, wanda in an duba ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, tunda ta ci.

"Ta ci," in ji ta. "Wa ya miƙa mata?"

Na ce ba a tambaye ni wannan ba. Ta ce ita za a tambaya, kuma ba ta iya rufa wa mutum asiri a kan dabbar da ke ba ɗanta nono nan gaba.

Malam ya sauka a jirgin rana, shi kaɗai, da akwatinsa na ƙarfe a kan wani ɗan dako. Ya rame. Na tarye shi a ƙofa, na yi masa barka da sauka, na tambayi amarya da mutanen Lakwaja da ruwan kogi da duk abin da zai ja lokaci. Ya amsa biyu ya gyaɗa kai a na uku, ya karɓi makulli ya shiga. Na bi shi, mai ɗakina ta tsaya bakin zaure.

Ya tsaya a gindin ceɗiya. Ban jira ya tambaya ba. Na fara tun daga gyaɗa, na bi ta rogo, na zo kan kwando da juji da hula, ban tsallake komai ba, har akuyar na wanke ta. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka ba tare da na yabi kaina ba. Da na gama na ce in akwai abin da zai ce, ya ce, na cancanta.

Bai dube ni ba. Ya tattare rigarsa ya tsuguna, ya sa yatsa ƙarƙashin wani ganye ya ɗaga shi.

"Haka take ran da muka sauke ta daga jirgi," in ji shi. "Ba ta ma kai haka ba."

Sannan ya ce shi ma ya ga koren nan yana hawa tun kafin ya tafi. Ya san tana tsinke wani abu duk Asabar, amma bai taɓa tsayawa ya ga wanne ba, shekara da shekaru yana wucewa da littafi a hannu. Bayan rasuwarta kuma ya kasa sa hannu ya cire ko ganye ɗaya daga abin da ta shuka. Da ban taɓa ta ba, in ji shi, da koren ya gama aikina a hankali, ba kuwa wanda zai je juji.

Na buɗe baki zan ce ashe ke nan na yi daidai. Mai ɗakina ta yi tari daga bakin zaure, na rufe.

Malam ya waiwaya ya ce mata, "'Yata, zo ki nuna mini wanda ake cirewa."

Ta zo ta durƙusa gefensa, ta ɗaga rassa har ta sami wani ɗan kore da ya ɓuya a ƙasa, ta nuna masa inda ya tsiro. Ya tsinke shi, ya riƙe a tafin hannu yana kallo, ya tambaya ko shi ke nan. Ta ce shi ke nan, sai wata Asabar.

Kafin mu fita ya sa ta yanko masa rassa uku masu kyau, ya ce mu dasa a gidanmu, kada ta sake zama a wuri ɗaya tak. Na miƙa hannu zan karɓa. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya miƙa wa mai ɗakina.